Yayana ya bar giya kwana biyu, yanzu yana ganin macizai a bango: iska ce ko ciwo?

Yar_Autar_Hajiya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a rufa mana asiri, kar a tambaye ni unguwa ko suna. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 41. Ya fi shekara goma yana shan giya, tun yana ɓoyewa har ta kai kullum ne, safe da dare. Daren Asabar aka kawo shi gida ranga-ranga, Hajiyarmu ta yi kuka ta ce in ya sake sha ba ta yafe ba. Da gari ya waye ya rantse ya bari, shi da kansa ya ce a kulle shi a ɗakin zaure a riƙe makullin. Ranar Lahadi hannunsa ya fara karkarwa, ga gumi ga amai. Bai runtsa ba har yau Litinin. Tun magariba yake ihu wai macizai suna saukowa daga bango, yana tsintar jikinsa wai kiyashi, matarsa ta leƙa ta taga ya kira ta da sunan wata. Kawunmu ya ce aljanin giya ne yake fita, a bari da safe a kira mai ruƙiyya. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Bazazzagi_77: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya tabbatar da shi a kan tuba. Ƙanwata kar ku buɗe ƙofar nan. Shaiɗan ne yake ta burarinsa don ya ga za a ƙwace masa bawa. Ku ba shi zuma da habbatus sauda, ku kunna masa Baƙara. Kwana bakwai ne, zai wuce.

Nas_Mai_Aikin_Dare: @Yar_Autar_Hajiya ki ajiye wayar nan ku nemi mota yanzu, ba da safe ba. Ku kai shi sashen gaggawa na babban asibitin da ya fi kusa da ku. Abin da kika lissafa, ɗaya bayan ɗaya, shi ne matakin ƙarshe na ciwon yanke giya, wanda likitoci ke kira diliriyom tirimens, kuma yana kisa. Da kun isa ku faɗa wa likita gaskiya: shekara nawa yana sha, nawa yake sha a rana, yaushe ya sha na ƙarshe, yana haɗawa da ƙwaya ko a'a. Kar kunya ta sa ku ce zazzaɓi ne ya taɓa masa kai. Maza biyu su zauna da shi a bayan mota. In ya fara jijjiga a hanya ku kwantar da shi a gefe ɗaya, kar a cusa masa cokali a baki, kar a ɗura masa komai.

Ummu_Sadiq: Innalillahi. Anti nas, barin giyar ne kuma yake kisa? Ni a zatona shan ta ne matsala.

Nas_Mai_Aikin_Dare: Duka biyun, Ummu Sadiq. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi, kamar a taka wa mota birki. Wanda yake sha kullum shekara da shekaru, ƙwaƙwalwarsa ta gaji da dannewar, sai ta ƙara wa kanta wuta don mutum ya iya tafiya da magana. Ka ga ƙafa ɗaya a birki, ɗaya a totur. Ranar da aka cire giyar lokaci guda, birki ya tafi, totur kuma yana ƙasa. Shi ya sa zuciya take gudu, jini ya hau, jiki ya yi zafi, gumi ya riƙa zuba. Yana da ma lokutansa. Daga awa 6 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe ake fara karkarwa da tashin zuciya da rashin barci. Tsakanin awa 12 da 48 wasu suke faɗuwa kamar masu farfaɗiya. Daga awa 48 zuwa 72 kuma ruɗewa take zuwa, da gane-gane, mutum bai san inda yake ba. Ku ƙirga daga daren Asabar zuwa yanzu. Ba kowa ne yake kaiwa nan ba, ƙalilan ne, amma wanda ya kai ba a jinyarsa a zaure.

Yar_Autar_Hajiya: Na nuna wa mijin yayata, ya tafi ɗauko mota. Kawu yana faɗa amma Hajiya ta ce a tafi.

Bazazzagi_77: To Allah ya sa a dace. Amma ni ban yarda a ce komai asibiti ba. Mun ga waɗanda aka kai wajen malamai suka shiryu.

Tsohon_Direba: Bazazzagi, ɗana, bari in ba ka labarin kaina, don ni na sha ruwan nan na san zurfinsa. Shekara ashirin da biyu ina jan babbar mota tsakanin Kano da Legas. A Tafa na koyi sha, a wajen kwana, wai don gajiya ta sake ni in samu barci. Duk azumi ina barinta. Shekarun farko ɗan ciwon kai ne da faɗa da iyali, kwana uku ya wuce. Daga baya sai karkarwa, har ba na iya riƙe kofin kunu a buɗa-baki. Shekarar da ta kusa kai ni, ran uku ga azumi na faɗi a bakin masallaci bayan la'asar, na ciji harshena, ban farka ba sai a gadon asibiti. Likitan ya gaya min wata magana da ban manta ba: duk lokacin da mutum ya yanke ya koma, ya yanke ya koma, na gaba yana fin na baya tsanani. Ashe duk azumin da nake bari in koma bayan salla, tara wa kaina nake yi. Kafin nan an kai ni wani gida an sa min mari wata biyu. Ba zan faɗi wurin ba. Abin da na gani da idona shi ne wani yaro da aka kawo, kwanansa biyu ya fara ihu yana ganin abubuwa, aka ce taurin kai ne aka ƙara masa sarƙa. Da asuba aka fitar da shi a tabarma. Yau shekarata tara ban sha ba, alhamdulillah, kuma addu'ar mahaifiyata tana ciki, ban musa ba. Amma kwana biyar ɗin farko allura da ƙarin ruwa ne suka riƙe ni.

Ummu_Sadiq: Allahu akbar. Baba Allah ya ƙara maka lafiya. Na tuna 2019 da 'yan sanda suka buɗe irin gidajen nan a Rigasa da Daura, hotunan mutane da mari a ƙafa sun daɗe ba su bar idona ba.

Almajirin_Malam: Ina son in gyara wani abu kafin a mayar da zancen malamai da likitoci kishiyoyi. Tuba wajibi ce nan take, babu jayayya. Amma neman magani umarnin Manzon Allah ne, sallallahu alaihi wa sallam. Kulle mara lafiya a ɗaki har ya halaka ba ya cikin sharuɗɗan tuba a kowane littafi. A yi masa ruƙiyya a gefen gadon asibiti, wa ya hana? Sannan masu tsine wa mashayi su tuna hadisin da ke cikin Bukhari, na sahabin da ake yawan kawowa saboda shan giya. Wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa.

Dan_Kasuwar_Kwari: Allah gafarta Malam, tambaya. Tunda an ce yankewa lokaci ɗaya haɗari ne, kuma ita kanta giyar a mataki-mataki aka haramta ta, daga ayar Baƙara zuwa ta Nisa'i zuwa ta Ma'ida, me zai hana a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan a gida? Wani abokina a Ingila ya ce haka likitocinsu suke faɗa wa mai sha kullum, kar ya yanke da kansa kafin ya ga likita.

Almajirin_Malam: Matakan nan na lokacin saukar wahayi ne, hukunci ya riga ya tabbata da aya ta 90 a Ma'ida. Kuma a Sahihu Muslim an tambayi Annabi game da yin magani da ita, ya ce ita ba magani ba ce, cuta ce. Ni ba zan ce wa kowa ya sayo wa ɗan'uwansa kwalba ba. Inda lalura ta kai ga rai kuma babu wata hanya, wannan fatawa ce ta manya, ba ta irina ba. Amma ga hanya a buɗe, asibiti.

Nas_Mai_Aikin_Dare: Abokinka ya faɗi gaskiya, @Dan_Kasuwar_Kwari, haka ake ba da shawara, don kar mutum ya faɗi shi kaɗai a ɗaki. Sai dai ragewa a gida ba ta cika yiwuwa ba, wanda ya iya tsayawa a rabin kwalba ai da bai kai nan ba. A asibiti ba giya muke bayarwa ba. Akwai magunguna irin su dayazifam da suke riƙe birkin nan na ɗan lokaci, a riƙa rage su a hankali cikin kwanaki, ana auna bugun zuciya da jini da sukari. Ana kuma yin allurar bitamin B1, saboda mashaya ba sa samun isasshensa, kuma rashinsa yana lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya kasa riƙe sabon abu, ka gaya masa magana yanzu anjima ya ce ba a yi ba. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya tafi kemis ya sayo Valium, wato dayazifam ɗin nan. In ta haɗu da giya a ciki numfashi suke tsayarwa. Mun sha karɓar irinsu.

Sabongari_Boy: Ni fa ina ganin ana tsorata mutane. Wanda ake magana a kai kullum yake sha. Ni Litinin zuwa Juma'a ko ɗigo, ina wajen aikina. Daren Asabar kawai nake zama da abokai, kwalba shida ko bakwai, Lahadi in yi barci. Ban taɓa karkarwa ba. Ina matsalar?

Bazazzagi_77: Ka ji tsoron Allah, a fili kake faɗa?

Mai_Hada_Magani: Bazazzagi bar shi ya faɗa, gara ya faɗa a nan a ba shi amsa. @Sabongari_Boy zo mu yi lissafi. Babbar kwalba santilita 60 ce, ƙarfinta wajen kashi 5 cikin ɗari, wato akwai kusan giram 24 na tsantsar barasa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga giram 60 a zama ɗaya a matsayin sha mai nauyi. Kwalba biyu da rabi ke nan. Kai kana zuba bakwai, kusan ninki uku. Hanta kuma ba ta da gaggawa, kwalba ɗaya tana cin ta wajen awa biyu zuwa uku, don haka har hantsin Lahadi akwai saura a jininka, kuma na san wani lokacin tuƙi kake yi ka koma gida. Irin shan nan na dare ɗaya yana da nasa ɓarnar dabam da ta mai sha kullum. Yana birkita bugun zuciya ko ga matashi mai lafiya, har likitocin Amurka suka sa wa abin suna ciwon zuciyar ranar hutu. Yana kumbura gaɓar da ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ciwon ciki mai ratsawa har baya wanda ake kwantar da mutum a kansa. Yana faɗar da sukari, musamman in ciki babu abinci. Yana hawar da jini. A rahoton hukumar na 2024, mutum miliyan 2.6 ne suka mutu a 2019 ta dalilin giya, miliyan 2 maza ne, kuma ba duka ba ne masu sha kullum, da yawa hatsarin mota ne da faɗa da faɗuwa. Rashin karkarwa yana nufin jikinka bai kamu ba tukuna, ba ya nufin ba a yi maka illa.

Sabongari_Boy: Ban san lissafin haka yake ba. Amma ni jikina yana ɗauka, bakwai ɗin ma ba na layi.

Tsohon_Direba: Wannan da kake alfahari da shi, ɗana, shi ne alamar farko. Ni ma da biyu na fara, kuma Asabar kawai.

Yar_Pankshin: Sannunku. Ni Kirista ce daga Filato, wajenmu burkutu ba a ɓoye take ba, ranar kasuwa da biki da lokacin Kirsimeti ana sha a fili, don haka mun ga abin da ku kuke ɓoyewa. Ƙanin babana a Disamba ya tafi. Ya sha burkutu tun rana, da yamma aka ƙara masa ogogoro a kai. Abokansa suka kawo shi suka kwantar da shi rigingine, suka ce a bar shi ya yi barci zai wartsake. Ya yi amai cikin barci, aman ya koma masa huhu. Muna ɗaki na kusa muna jin minsharinsa, mun ɗauka barci ne mai daɗi. Abin da nake roƙon kowa: wanda ya bugu har ba ya amsa kira, ba barci yake ba. A juya shi gefe, a tanƙwara gwiwarsa ta sama, wani ya zauna kusa da shi. In numfashinsa yana ja yana tsayawa, ko jikinsa ya yi sanyi, ko leɓensa ya canza launi, a ɗauke shi sai asibiti. Ban da watsa ruwan sanyi, ban da ɗura manja ko kofi, babu abin da suke cirewa daga jini.

Mai_Hada_Magani: Allah ya ba ku haƙuri 'yar'uwa. Ogogoron da kika ambata yana da wani haɗarin kuma. A 2015 mutane sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, bayan nan wasu gommai a jihar Ribas, aka gano sinadarin metanol mai guba ne a cikin abin da suka sha. Shi yana fara wa mutum da dishi-dishin ido, ya makantar, ya kashe. Ba a gane shi da ɗanɗano.

Dan_Maradi: Mu nan wajenmu abin da ya fi damuna yara ne masu haɗa ta da tiramol. In an kai su gidan likita iyaye sai su ce ƙwaya kawai yake sha, don ita ta fi sauƙin faɗa da baki. Giya kuwa sai an rantse ba ya sha.

Nas_Mai_Aikin_Dare: Wallahi haka ne, Dan Maradi, har nan. Uba zai yarda ɗansa yana shan kodin, amma kalmar giya ba za ta fito ba. Mu kuma sai mu yi ta neman maleriya da sanƙarau, sai dare na biyu mutum ya fara fizge robar ƙarin ruwa sannan matarsa ta ja ni gefe. Tiramol kuma shi kansa yana jawo jijjiga, to ka haɗa shi da mai yanke giya.

Dan_Kasuwar_Kwari: Ni giyar 'yan ledar nan ce take ba ni tsoro. Naira kaɗan, ta shiga aljihu, ƙarfinta ya ninka na kwalba sau da yawa. NAFDAC ta sanar da hana su a farkon 2024, da ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba, amma ka je tasha da asuba ka gani. Hisba tana fasa kwalabe a Kano ana ɗauka a hoto, wannan kuwa a cikin hula ma ana ɓoye ta.

Bazazzagi_77: Ai fasawar ma aiki ne, kar a raina. Da ba a yi da abin ya fi haka.

Ummu_Sadiq: Ba a raina ba. Tambayata ita ce wanda ya riga ya kamu ina zai je? In ya faɗa a gida a tsine masa, in ya yi shiru ya mutu.

Mai_Hada_Magani: Akwai wuraren zuwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, na Dawanau a Kano, da sashen masu taɓin hankali na asibitocin koyarwa. Sunan ne yake korar mutane, a ce an kai wane Dawanau. Amma su ne suka san aikin, kuma bayan kwanakin farko akwai zama da masu ba da shawara, don jinyar yanke giya wajen sati ɗaya ce, fitar da ita daga rayuwa shi ne dogon aiki.

Yar_Autar_Hajiya: 'Yan'uwa ku yi haƙuri da shiruna, kwana biyu muna asibiti. A bakin ƙofar gaggawa ya faɗi yana jijjiga, da a zaure ne ban san me zan ce ba. An ba shi gado, an yi ta allurai, jiya ya yi barci mai nauyi. Yau ya gane matarsa, ya tambayi Hajiya. Gwaji ya nuna hantarsa ta taɓu, kuma wai yana da ciwon hanta nau'in B wanda bai san da shi ba, an ce mu ma duk mu yi gwaji. Kawu ya zo ya yi masa tofi a gefen gado, babu wanda ya hana shi. Anti nas, Baba direba, Allah ya saka da alheri. Abin da ke damuna yanzu maganar Hajiya ce ta "ban yafe ba". Ina tsoron in ya zame ya koma, tsoronta zai sa ya sake kulle kansa.

Tsohon_Direba: Alhamdulillah. 'Yata ki samu Hajiya ke da ita, cikin ladabi, ki roƙe ta ta janye kalmar nan ta mayar da ita addu'a. Ni sau biyu na zame bayan asibiti. Abin da ya cece ni, matata ta ce in na sha in faɗa mata, ba za ta kai ƙarata ba, asibiti za mu koma. Kuma ku sani in ya koma bayan ya daɗe bai sha ba, jikin ba zai ɗauki abin da yake ɗauka da ba, nan ma ana rasa mutane.

Bazazzagi_77: Na ji daɗin labarin nan, kuma na janye maganar kulle ƙofa. Amma a bar Hajiya da kalmarta, wani lokacin tsoron fushin uwa ne kaɗai yake riƙe namiji.

Almajirin_Malam: A nan na saɓa maka, Malam Bazazzagi. Addu'ar uwa karɓaɓɓiya ce, gara ta zama ta shiriya.

Sabongari_Boy: @Mai_Hada_Magani wannan gwajin hantar, sai an ga likita ko zan iya zuwa ɗakin gwaji kai tsaye? Kuma in na bar ta Asabar ɗin nan, abin da ya samu yayanta zai iya samuna?

Mai_Hada_Magani: In gaskiya ka faɗa cewa kwana shida kake yi ba ka sha ba kuma lafiya lau, to kana iya bari kai tsaye. In kuwa akwai ta tsakiyar mako da ba ka ƙirga ba, ko kana tashi da rawar hannu, ka fara ganin likita. Gwajin ma gara ta hannunsa, don ya haɗa maka da na nau'in B da C ya kuma karanta maka sakamakon.

Maman_Tagwaye: Salamu alaikum, tun shekaranjiya nake karantawa ban yi magana ba. Maigidana ne. Ya ce daga gobe ya bari, har ya zubar da na cikin mota. Shi ba ya buguwa a gani, amma kullum sai ya sha kafin ya kwanta, kuma kwanan nan da safe ma. Ba zai yarda ya je asibiti ba, mutum ne da aka sani a gari.

Nas_Mai_Aikin_Dare: Maman Tagwaye, shan safen nan shi ne abin da ban so ji ba. Yaushe ya sha na ƙarshe, kuma ya taɓa faɗuwa ko jijjiga a baya? Duba hannunsa in ya miƙa ki gaya min. Ki turo min saƙo ta gefe yanzu, ina wajen aiki har asuba.